Ginshiƙai Biyu Da Tatay Ya Ɓoye

Bari in fara da nawa laifin tun kafin ku ji na kowa. Wata goma sha huɗu ina soyayya da mutum, mahaifiyata ba ta san ko harafin farko na sunansa ba. Ku zage ni, na karɓa. Amma ku dakata ku ji irin gidan da na fito tukuna.

Sunana Maricar Sumulong, shekarata ashirin da takwas, ina aikin kula da rumbun bayanai a wani kamfanin inshora a nan Winnipeg, ƙasar Kanada. A ofis ana ganin mutuncina, har manya kan zo teburina da tambaya. A ƙungiyarmu ta 'yan Filifin kuwa babu wanda ya damu da wannan. Abu ɗaya aka san ni da shi: ni ce yarinyar nan da kujerar gefenta take zama ba kowa.

Ga yadda abin yake. Duk ƙarshen Fabrairu ƙungiya takan yi babbar walima, mutum ɗari uku da 'yan kai, da rawa da waƙa da abincin da zai ci rabin unguwa. A da can, rabon kujeru ne yake raba zumunci. Akwai shekarar da mata biyu suka ba hammata iska a kan wa za ta zauna kusa da dandamali, har kwanon taliya ya kife a kan rigar shugaba. Bayan wannan abin kunya ne mahaifina, wanda muke kira Tatay, ya zauna ya rubuta wa ƙungiya maganin rigimar. Shi ma aikinsa ke nan, rumbun bayanai. Ya rubuta jerin umarni ya ajiye su a cikin rumbun a ƙarƙashin suna ɗaya, abin da mu 'yan sana'ar muke ce wa fankshan. Ka kira sunansa, ya yi aikinsa, ya miƙo maka jadawali. Nasa ya sa masa suna Mai Rabon Kujeru. Daga nan aka kafa doka: abin da Mai Rabon Kujeru ya fitar ya zauna daram, ko shugaba ba ya matsar da kujera. Kuma sau ɗaya ake kiransa a shekara, domin da zarar an danna, sai ya tura wa kowa saƙo a waya da lambar teburinsa, ya kulle kansa sai baɗi.

Lafiya lau ake ta yi, har shekarar da na cika ashirin da ɗaya. Tun daga wannan shekara, tebur na ɗaya, kujera ta biyu, wato ta hannun damana, sai ta fito fayau ba suna. Mahaifiyata, Nanay, ta yi ta mita. Tatay sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Inji ne, Luz. Wa ya san abin da ke cikin kansa?” Shekara uku ke nan da rasuwarsa, kujerar tana nan yadda ya bar ta. Ni kuma tun da aka binne shi ban iya buɗe ko layi ɗaya na abin da ya rubuta ba. Ina gyara rumbunan mutane daga safe zuwa yamma, na mahaifina kaɗai nake tsoro.

Kuma ku sani, a wurinmu duk saurayin da aka gani a gefen budurwa a tebur na ɗaya, an gama magana. Kafin a kawo kayan zaƙi iyaye mata sun zaɓi launin ankon biki.

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce ina kwance da safe, saƙon Orest ya shigo. Orest Kowalchuk, shi ne mutumin. Ofis ɗinmu ɗaya, dogo ne har yana sunkuyawa a ƙofar ɗakin shan shayi, jikan 'yan Yukren, mai saurin jin kunya, kunnuwansa su yi jajir idan an yabe shi.

“Na sayi tikitin walimarku,” ya rubuto.

Na miƙe zaune. “Ka yi me?”

“Tikiti. Dala sittin. Har sun tambaye ni abincin da ba na ci.”

“Orest, ba mu yi haka da kai ba.”

“Ba mu yi komai ba, Maricar, shi ne damuwata. Kakata ta san ki, karenmu ya san ki. Ni kuwa a gidanku ko a matsayin mai gyaran famfo ba a san ni ba.”

Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Sai ga wani ya shigo.

“Ba faɗa nake yi ba. Zan zo in zauna duk inda injin babanki ya jefa ni. Amma idan na ɗaga kai na ga wani a gefenki ana tafa masa, zan fahimta, kuma ba zan ƙara tambayarki ba.”

Jama'a, na shiga uku. Don na san abin da shi bai sani ba: a wannan ranar ce Nanay ta gayyato Dexter cin abincin rana.

Dexter Villaflor ɗan aminiyarta ne, Tita Bebi, wato Inna Bebi a yarenmu. Ba shi da laifi, in faɗi gaskiya. Yana da mota mai ɗumama kujera, yana da gida a sabuwar unguwa, yana gaida manya da ɗora hannunsu a goshinsa yadda aka koya mana. Matsalarsa ɗaya, yana sayar da manhajar waya, saboda haka duk inda ya zauna sai ya ce shi ma “ɗan kwamfuta” ne. Nanay kuwa ta haddace wannan kamar addu'a.

Na sauko na tarar da gida ya sauya kama. An cire ledar da ke kan doguwar kujerar falo, abin da ba a yi ba tun zuwan limamin cocinmu. An goge ƙaton cokali da cokali mai yatsu na katako da ke rataye a bangon ɗakin cin abinci. An jera sababbin silifas a bakin ƙofa, an tura akwatin kayan da muke tarawa 'yan uwa na gida bayan labule. A jikin ƙofar ɗakina kuma ga rigar walima tana lilo, koriya shar, mai tsayayyun hannuwa kamar fukafukan malam-buɗe-littafi, da aikin zare a ƙirji.

“Gwada mu gani,” in ji Nanay daga kicin.

“Nanay, saura mako biyu fa.”

“Saura mako biyu, shi ya sa. Idan ta matse sai ki rage shinkafa.” Ta leƙo da ludayi a hannu, ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa. “Da wannan wandon barcin za ki tari baƙo? Je ki sa shuɗiyar rigar nan. Ki taje kai. Ki shafa wani abu a leɓe, kin yi fari fat kamar mai jinya.”

“Baƙon wa? Na ɗauka gyaran kwamfuta zai zo yi.”

“To mai gyara ba mutum ba ne?”

Na shiga kicin na ga abin da take yi, na kusa dariya. Garahuni ne, irin namu dogaye. Ta yanka shi siri-siri, ta murje da gishiri, tana matse ruwan ɗacin da hannu biyu kafin ta soya da ƙwai da tumatir da albasa. Wannan ne abincin da take ji da shi a duniya. Labarinsa kuwa na ji ya fi sau ɗari: ranar da Tatay ya fara zuwa gidansu shi ta dafa masa, ya cinye tas, ya miƙa faranti a ƙara. Tun daga ranar har ya koma ga Allah, duk Lahadi sai ta dafa masa.

“Ubanki kam,” ta ce tana matsa, “in ya ga wannan har rawa yake yi.”

Ƙarfe goma sha biyu da rabi Dexter ya iso, ya karkaɗe ƙanƙara daga takalmansa, ya miƙa wa Nanay furanni, ni kuma ya washe mini baki. Rigar sanyi mai ruwan toka ya sa, da agogon da yake ta haska fuska duk lokacin da ya motsa hannu. Turarensa ya riga shi shiga falo.

A tebur Nanay ta ɗibar masa garahuni har ya yi tozo. Ya kai loma ɗaya, na ga maƙogwaronsa ya tsaya cak. Ya kurɓi ruwa.

“Kai, Tita Luz, hannunki daban ne.”

“Ci, ɗana, ci. Akwai ƙari.”

Ni da ke zaune gefensa ina ganin komai. A hankali ya riƙa tura garahunin gefen faranti, yana gina masa katangar shinkafa, daga ƙarshe ya yafa masa takardar goge baki kamar wanda ya rufe gawa. Nanay ba ta lura ba, tana can tana ba shi labarin yadda na ci gasar lissafi ina aji huɗu.

Da aka gama ta ɗauko tsohuwar kwamfutar ƙungiya, wadda har yanzu akwai tabon kofin Tatay a murfinta, ta ajiye a gabansa.

“Ga ta nan. Ni dai abin da nake so, a gyara kuskuren nan. Shekara bakwai 'yata tana zama kusa da iska. Jibi Litinin da tsakar rana kwamiti zai taru a danna, ba na son in sake jin kunya.”

“Ƙaramin abu ne, Tita,” in ji Dexter, yana lanƙwasa yatsu.

“Kuma idan injin yana neman sunan da zai sa,” ta ƙara, tana kallon silin, “ai ba za a rasa ba.”

Na ce, “Nanay, doka fa.”

“Wa ya taɓa doka? Gyara na ce.”

Dexter ya buɗe shafin da kwamiti yake amfani da shi. Shafi ne mai sauƙi, Tatay ya yi shi don tsofaffi: jadawalin bara a ƙasa, ƙaton maɓalli ja a sama. Ya ɗan yi sama ya yi ƙasa, ya ce “hmm” sau uku. Sai na ga kibiyar tana tafiya wajen jan maɓallin.

“Me za ka yi?”

“Zan kira shi mu ga abin da yake fitarwa. In ba a gani ba ta yaya za a gyara?”

Ban san lokacin da na damƙe hannunsa ba. Nanay ta ga hannuna a kan nasa, fuskarta ta yi haske kamar an kunna fitila.

“Dexter, in ka danna wannan, mutum ɗari uku da goma sha biyu za su sami saƙo yanzun nan. Har da mahaifiyarka. Kuma ya kulle sai baɗi.”

“A'a, ai sai a janye.”

“Ka taɓa janye saƙon da Tita Bebi ta riga ta karanta?”

Ya saki linzamin kwamfutar kamar ya taɓa garwashi.

Na zaro waya a ƙarƙashin tebur. “Suna so a buɗe aikin Tatay,” na rubuta wa Orest. “Ba zan iya ba.”

Amsa ta zo nan take. “Ba sai kin kira shi ba. Tambayi rumbun kawai. Ke kika koya mini, ranar da na kusa aika wa mutum dubu takardar da ba tasu ba.”

Haka ne, ni na koya masa. Ni kuma Tatay ne ya koya mini ina 'yar shekara goma sha biyu, ina zaune a kan hannun kujerarsa ina cin busasshen mangwaro. Yakan ce kada ki taɓa kiran abin da ba ki san me zai fitar ba. Rumbu yana da kundinsa, a ciki yake rubuta bayanin duk abin da aka ajiye masa. Ki tambayi kundin, zai faɗa miki ginshiƙan jadawalin da fankshan zai miƙo, sunan kowanne, da jerinsu, da irin abin da kowanne yake ɗauka, ba tare da an taɓa komai ba.

Na ja kwamfutar gabana. Na rufe shafin kwamiti, na buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta umarni. Kalmar sirri ma ban yi dogon tunani ba, ranar auren Tatay da Nanay ce.

“Wannan baƙin allon fa?” in ji Nanay, ta zagayo ta tsaya a bayana. “Kada ki lalata mini abin mutane.”

“Tambaya kawai zan yi, Nanay.”

Na rubuta layi ɗaya, na tambayi kundin me Mai Rabon Kujeru yake fitarwa. Amsar ta sauko a jere. Na ɗaya, suna, rubutu. Na biyu, lambar tebur. Na uku, lambar kujera. Na huɗu, abincin da mutum ba ya ci, rubutu. Na biyar, lambar waya. Waɗannan biyar ɗin kowa ya san su, su ne suke fitowa a shafin kwamiti kowace shekara.

Amma jerin bai tsaya a biyar ba.

“Bakwai ne,” na ce.

Dexter ya matso. “Ina? A shafin ai biyar na gani.”

“Shafin biyar aka ce ya nuna. Shi fankshan ɗin bakwai yake miƙowa. Shekara da shekaru yana miƙo su, ba mai karɓar biyun ƙarshe.”

Nanay ta laluba tabaraunta da ke rataye a wuya, ta ɗora a hanci. Ginshiƙi na shida irin wanda ba ya ɗaukar komai ne sai e ko a'a. Sunansa kuwa dogo, irin sunan da Tatay zai yi wa ɗalibinsa faɗa in ya rubuta: Maricar ta faɗi sunansa da bakinta. Na bakwai shi ma e ko a'a: ya cinye garahunin Luz.



“Karanta mini kuma,” in ji Nanay. “Idona ne ko?”

Na sake karantawa. Dexter ya saci kallon farantinsa da har yanzu yake kan tebur, ya ɗan ja takardar ta ƙara rufe gefen.

A ƙasan jerin akwai wurin da marubuci yake barin bayani a jikin fankshan, don wanda zai zo bayansa. Yawanci layi ɗaya ake sawa, ko a bar shi haka nan. Na Tatay ya cika allo, da kwanan wata na makon da na cika ashirin da ɗaya. Na fara karantawa a zuci, Nanay ta dungure ni a kafaɗa.

“Da ƙarfi. Mijina ne.”

Na fara daga farko.

“Ga wanda ya zo gyara wannan: ba kuskure ba ne, ka mayar da hannunka aljihu. Kujera ta biyu a tebur na ɗaya ba za ta karɓi kowa ba sai wanda ginshiƙi na shida da na bakwai duka suka ce masa e. Na shida Maricar ce kaɗai za ta cika, na bakwai uwarta ce kaɗai. Na yi haka ne don na san su biyun. Ɗaya ba ta faɗin abin da ke ranta, ɗaya ba ta jira a faɗa.”

Nanay ta ja tsaki.

“Maricar, na san ke ce kike karantawa, domin duk wanda ya danna ba tare da ya duba ba, ba zai taɓa ganin wannan ba. Yi haƙuri da zaman da kika yi kusa da kujera ba kowa. Gara ki zauna ke kaɗai a yi miki dariya da ki zauna da wanda aka zaɓa miki a tafa.”

A nan muryata ta fara karyewa. Na tsaya, na goge hanci da bayan hannu, shuɗiyar riga da jan-baki duk suka tashi a banza.

“Saura,” in ji Nanay a hankali. “Na ga sunana a ƙasa.”

“Luz, na san kina tsaye a bayanta da tabarau a hanci. Ki yafe mini. Shekara ashirin da huɗu ke nan ina cin garahuninki duk Lahadi, kuma ban taɓa son sa ba ko sau ɗaya. Ɗaci gare shi, Luz, ɗaci mai sa mutum ya tuna zunubansa. Ranar farko na nemi ƙari ne don ki sake zuwa kusa da ni da ludayi. Kika zo. Shi ya sa nake ta nema har yau. Duk wanda ya iya cinye shi saboda 'yarmu, ki ba shi kujerar.”

Ban juya ba. Tsoro nake ji. Na ji ta ja kujera ta zauna daɓas, na ji ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

“Maƙaryaci,” ta ce.



“Maƙaryacin banza. Teodoro Sumulong, Allah ya jiƙanka, amma kai maƙaryaci ne.” Sai dariya ta ƙwace mata, dariyar ta juye kuka, kukan ya sake juyewa dariya. “Da sanyin nan nake shiga mota biyu in je kantin 'yan gida in sayo masa! Har asibiti na kai masa a kula, makonsa na ƙarshe. Ya cinye, Maricar! Yana kan gado da robar iska a hanci, ya cinye, ya ce in ƙara!”

Na tashi na rungume ta. Tana ƙanshin albasa da man gashin da take shafawa tun ina yarinya. Mun daɗe a haka, ina jin kewarsa tana taso mini sabuwa fil, amma a karo na farko cikin shekara uku ba ta zo da tsoro ba.

Dexter ne ya yi gyaran murya. Bawan Allah, ya rasa inda zai sa kansa.

“Tita, ko in ɗan ba ku wuri?”

Nanay ta share ido da gefen rigar girki, ta miƙa hannu ta ɗage takardar da ke kan farantinsa. Ga garahuni nan kwance, cikakke, bayan katangar shinkafa. Ta dube shi, ya dubi silin.

“Hannuna daban ne ko, ɗana?”

“Tita, na rantse na gwada.” Ya sosa ƙeya, sai kuma ya fashe da dariya. “In faɗi gaskiya? Mama ce ta ce in ban zo ba kada in ƙara kiranta uwa. Maricar kuwa tun muna yara take dukana a lissafi, tsoronta nake ji.”

“Tashi ka ɗebi soyayyiyar ayaba ka kai wa uwarka,” in ji Nanay. “Ka ce ina gaishe ta. Kuma abin da ka ji a gidan nan, in na ji shi a bakin Bebi, har gidanka zan kawo maka garahuni duk Lahadi.”

Ya fita da kwano a hannu, da sauri har ya manta safar hannunsa ɗaya.

Muka rage mu biyu da allon. Nanay ta mayar da tabarau, ta sa yatsa a kan ginshiƙi na shida, har ta bar shatin maiƙo a gilashin.

“Wadda ba ta faɗin abin da ke ranta,” ta ce, “ke ce. To ina ji.”

“Nanay…”

“Kada ki ce mini babu. Wata nawa kina murmushi da waya a ƙarƙashin tebur, kin ɗauka makauniya ce ni? Na kawo Dexter ne don in ga ko za ki buɗe baki. Har hannunsa kika riƙe, ba ki buɗe ba.”

Ashe! Ku ji mini mata. Na ji kunya ta rufe ni tun daga tafin ƙafa.

“Orest,” na ce. Muryar ta fito 'yar ƙarama. Na sake faɗa da ƙarfi. “Sunansa Orest Kowalchuk. Wurin aikinmu ɗaya. Ina son sa, Nanay. Wata goma sha huɗu.”

“Goma sha huɗu!” Ta dafe ƙirji. “O-me? Wannan suna ne ko maganin tari?”

“Orest.”

“Yana zuwa coci?”

“Yana kai kakarsa.”

“Yana da aiki, yana da kaka.” Ta jinjina kai kamar mai duba kifi a kasuwa. “To rubuta masa e ɗinki. Naki ne, ubanki ya ce.”

Na nemo sunansa a cikin masu tikiti, yana can ƙasa, na ɗari uku da tara. Na sa masa e a ginshiƙi na shida. Na bakwai yana nan da a'a, yana kallona.

“Gobe Lahadi,” in ji Nanay, ta miƙe tana tattara faranti. “Bayan coci, ƙarfe ɗaya. Jibi da tsakar rana za a danna, ko ya ci ko bai ci ba, ni ba zan roƙi kwamiti su jira kowa ba. Kuma kada ki kuskura ki faɗa masa dalili. Ubanki ba wanda ya faɗa masa.”

Ta shige kicin. Na zaro waya da sauri.

“Nanay ta ce ka zo cin abinci gobe.”

Ɗigo uku suka yi ta rawa a allon. “Da gaske? Maricar, da gaske? Me zan sa? In kawo furanni? In kawo kakata?”

“Kai kaɗai. Tambaya ɗaya: yaya kake da abu mai ɗaci?”

“Kin manta cokali nawa na sukari nake zubawa a kofi? Huɗu. Ko kokwamba in ta ɗan yi ɗaci ba na iya haɗiyewa. Me ya sa?”

Na ɗaga kai. Ta ƙofar kicin ina hango Nanay ta fito da sauran garahuni daga firiji, manya guda uku, kore shar, ta jera su a kan katako. Sai ta ɗauki gwangwanin gishirin da take murje su da shi don rage ɗaci, ta jujjuya shi a hannu, ta taka ƙaramar kujera, ta ɗora shi can saman kabad inda ko ni ba na kaiwa.

“Nanay! Ba za ki matse shi ba?”

“Ubanki na matse wa, shi ya sa ya iya yi mini ƙarya shekara ashirin da takwas,” ta ce, ba ta ko juyo ba. “Wannan karon ina so in ga fuskar mutum.”

Wayata ta sake motsi. “Maricar? Me ya sa?”

Na daɗe ina kallon tambayar. Sannan na rubuta masa abin da doka ta yarda in rubuta.

“Kada ka karya kumallo. Kuma duk abin da ya faru, ka nemi ƙari.”